Linzamin Da Ke Cikin Ƙwaƙwalwa: Yadda Dofamin Ke Tsare Ruwan Nono Da Haihuwa

Daga Wakilinmu

Da wuya a sami unguwar da ba a taɓa jin irin wannan labari a cikinta ba. Mace ta yi shekara uku ko huɗu a ɗakin mijinta Allah bai ba ta haihuwa ba, sai a wayi gari al'adarta ta ɗauke, ƙirjinta ya cika, har ruwan nono ya riƙa ɗigowa yana ɓata mata riga. Gida ya ɗauki murna, a shiga lissafin watanni. Wata tara ya wuce, shekara ta zagayo, ba ciki ba dalilinsa. Daga nan sai magana ta rabu: tsofaffi su ce ciki ne ya kwanta, waɗansu su ce sammu ne, waɗansu kuma su ɗora wa iska. In kuwa abin ya faɗa a kan budurwa ko bazawara, to, ya fi haka muni, domin zargin da za a yi mata ya fi ciwon zafi.

Sau da yawa ba ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ya faru shi ne wani ɗan linzami da ke can ƙasan ƙwaƙwalwa ya saki. Linzamin nan wani sinadari ne da masana ke kira dofamin, kuma yadda ya ke aiki a wannan wuri yana daga cikin abubuwan da kimiyyar likita ta gano sarai, har ta samo magani. Ya kamata ɗalibai da ma'aikata su san shi, domin su ne a kan tambaya a gida in irin wannan ta taso.

INDA ABIN YA KE

Ƙwaƙwalwar baligi takan kai nauyin kilo ɗaya da kusan rabi. A ƙarƙashinta, daidai bayan idanu, akwai wani ɗan yanki da nauyinsa bai wuce giram 4 ba, wanda a ke kira haifotalamas. Ƙanƙantarsa ba ta hana shi zama wakilin ƙwaƙwalwa a kan al'amuran jiki ba. Shi ke lura da zafin jiki, da yunwa, da ƙishirwa, da barci, da sha'awa, da haihuwa.

A jikin wannan yanki wani ɗan ƙullutu ya ke rataye, girmansa kamar ƙwayar wake, sunansa fituwitari. Aikinsa shi ne ya zuba waɗansu sinadarai cikin jini su tafi su ba sauran gaɓoɓi umurni: wani ya tafi maƙogwaro, wani ya tafi ƙwan mace ko marainan namiji, wani ya sa yaro girma. Amma fituwitari ba ya yin gaban kansa. Akwai waɗansu sirarran hanyoyin jini da suka sauko daga haifotalamas zuwa gare shi, ta nan a ke aiko masa da umurni. Wani masani na Ingila, Geoffrey Harris, shi ya tsaya tsayin daka wajen tabbatar da wannan, ya kuma tattara hujjojinsa a littafi cikin 1955.

Kusan dukkan saƙonnin da ke bi ta wannan hanya na cewa ne “fitar da kaza”. Akwai kuma wanda ya sha bamban, domin shi babban saƙonsa “dakata” ne. Wannan kuwa shi ne wanda ya shafi furolaktin, watau sinadarin da ke sa nono ya kawo ruwa.

DAGA TANTABARA ZUWA ƁERA

Masu kiwon tantabaru sun san cewa uwa da uba duka suna ɗura wa 'ya'yansu wani farin abu mai kauri daga maƙoshinsu kafin su isa cin hatsi. Da wannan ne wani Ba'amurke, Oscar Riddle, ya yi awo tsakanin 1932 da 1933, ya ware sinadarin da ke jawo shi daga fituwitari, ya raɗa masa suna furolaktin. Na jikin ɗan Adam kuwa ya daɗe yana ɓuya, sai cikin 1971 Henry Friesen da abokan aikinsa a birnin Montreal na Kanada suka fito da hanyar auna shi cikin jinin mutum.

A tsakanin nan, cikin 1954, John Everett na Jami'ar Duke a Amurka ya yi wani gwaji mai ban mamaki. Ya cire fituwitarin ɓera daga mazauninsa, ya dasa shi a jikin ƙodar ɓeran, inda saƙon ƙwaƙwalwa ba zai iske shi ba. Sauran sinadaran da ƙullutun ke fitarwa suka ja baya ƙwarai, kamar ma'aikatan da aka daina ba umurni. Furolaktin kuwa sai ya ci gaba da kwarara ba tsayawa. Ma'anar wannan a fili ta ke: ƙwayoyin da ke yin furolaktin kamar doki ne mai zafin kai, ba ya bukatar a zabure shi, riƙe shi a ke yi. Abin da ya rage a sani shi ne, da me a ke riƙe shi?

GANO DOFAMIN

Tun 1910 aka harhaɗa dofamin a wani ɗakin bincike a Landan, amma aka ajiye shi a kan ba shi da wani muhimmin amfani. Cikin 1957 wata masaniya, Kathleen Montagu, ta nuna cewa akwai shi cikin ƙwaƙwalwa. A wannan shekara kuma Arvid Carlsson na ƙasar Suwidin ya ba zomaye wani maganin hawan jini da ke ƙarar da irin waɗannan sinadarai daga ƙwaƙwalwa, zomayen suka langaɓe, kunnuwa a kwance, ba sa ko motsi. Da ya yi musu allurar abin da jiki ke sarrafawa ya zama dofamin, cikin ɗan lokaci kaɗan suka miƙe suna tsalle. Daga nan aka gane cewa dofamin ɗan aike ne, ƙwayar jijiya ke fesa shi domin ta yi magana da 'yar'uwarta. Wannan aiki ne ya sa aka ba Carlsson kyautar Nobel a shekarar 2000, tare da Paul Greengard da Eric Kandel.

Ƙwayoyin jijiyar da ke yin dofamin ba su da yawa. Cikin ƙwayoyi wajen biliyan 86 da ke ƙwaƙwalwar mutum, su ba su kai miliyan ɗaya ba. Mafi yawansu suna tsakiyar ƙwaƙwalwa, suna kula da motsin jiki da kwaɗayin aikata abu, kuma mutuwar waɗansu daga cikinsu ce ke kawo ciwon karkarwa na Parkinson. Amma cikin 1964 wani matashin masani a birnin Stockholm, Kjell Fuxe, ya hango wani ɗan gungu dabam a gindin haifotalamas. Waɗannan, maimakon su miƙa saƙonsu ga wata ƙwayar jijiya, sai su zuba dofamin ɗinsu kai tsaye cikin hanyoyin jinin nan da ke sauka zuwa fituwitari. Shekara goma bayan haka, a 1974, Robert MacLeod na Jami'ar Virginia ya zuba dofamin a kan fituwitarin da aka ajiye cikin kwalba, fitar furolaktin ta tsaya. An gano linzami ke nan.

MAKARƁA: INDA LINZAMI KE KAMAWA

Linzami ba ya aiki sai da ƙarfen da ke bakin doki. Haka dofamin ba ya iya komai sai ya sami wurin kamawa a fatar ƙwayar da aka aike shi gare ta. Wannan wuri shi a ke kira makarɓi, kuma ya yi daidai da dofamin kamar yadda kwaɗo ke daidai da mabuɗinsa. Abin lura a nan shi ne, ba dofamin ke yanke abin da zai faru ba, makarɓin ne. Sinadari ɗaya zai iya zaburar da wata ƙwaya, ya kuma kwantar da wata, gwargwadon irin makarɓin da ya tarar.

Cikin 1979 John Kebabian da Donald Calne suka raba makarɓan dofamin gida biyu, suka kira su D1 da D2, kuma makarɓin da ke kan ƙwayoyin furolaktin shi suka kafa misali da shi na D2. A 1988 aka karanta ainihin tsarin halittar D2 a birnin Portland na Amurka, kafin ƙarshen 1991 kuwa an san iri biyar. D1 da D5 gida ɗaya ne, galibi masu zaburarwa. D2 da D3 da D4 gida ɗaya ne, galibi masu kwantarwa.

To, yaya D2 ke kwantar da ƙwaya? Kowace ƙwayar jijiya, haka ma ƙwayar furolaktin, kamar ɗan ƙaramin batir ce. Akwai bambancin lantarki tsakanin cikinta da wajenta, wanda gishirin jiki iri iri ke kawowa yayin da su ke shiga da fita ta waɗansu ƙofofi. In ƙarfin lantarkin cikin ya hau ya kai wani matsayi, sai ƙwayar ta harba, ƙofofin kalsiyam su buɗe, kalsiyam ya shigo, shi kuwa ya sa ƙwayar ta amayar da abin da ta tara. Ƙwayar furolaktin tana harbawa da kanta ko ba wanda ya taɓa ta.

Da zarar dofamin ya kama D2, abu uku ke faruwa. Na farko, ƙofofin fotasiyam su buɗe, fotasiyam ya fice, lantarkin cikin ƙwayar ya yi ƙasa, ta nisanci matsayin harbi. Na biyu, ƙofofin kalsiyam su rufe, sabo da haka furolaktin ɗin da aka tara ba shi da hanyar fita. Waɗannan biyu cikin daƙiƙoƙi su ke aukuwa. Na uku kuwa a hankali ya ke tafiya: wani ƙaramin ɗan aike na cikin ƙwayar ya ragu, sai ta rage ƙera sabon furolaktin, ta kuma rage hayayyafa. An ga tabbacin wannan cikin 1997, sa'ad da aka samar da ƙananan ɓeraye waɗanda aka haifa ba su da D2 sam. Furolaktin ya yi musu yawa cikin jini, fituwitarinsu ya kumbura, daga baya har ya zama ƙari, musamman ga matan.

ƘWAYOYIN DA KE SAURARON KANSU

Saura tambaya guda: wa ke lura da mai riƙe da linzamin? Domin in ƙwayoyin dofamin na haifotalamas suka ja da ƙarfi fiye da kima, uwa ba za ta sami abin shayarwa ba, in kuma suka yi sako-sako, nono ya zubo ba lokacinsa ba.

Mai lura na farko shi ne furolaktin da kansa. In ya yi yawa cikin jini, yakan koma ƙwaƙwalwa ya zaburar da ƙwayoyin dofamin, su ƙara ja, shi kuma ya sauka. Watau doki ne ke gaya wa mahayi ya ƙara riƙe shi.

Mai lura na biyu ba a daɗe da fahimtarsa ba. Cikin 2010 ƙungiyar Christian Broberger a Cibiyar Karolinska ta Stockholm ta sa sirarran wayoyi cikin waɗannan ƙwayoyi a ƙwaƙwalwar ɓera, ta saurari lantarkinsu. Sai aka tarar ba harbi su ke yi barkatai ba. Sukan yi ruwan harbi na ɗan lokaci, su yi shiru, su sāke, kimanin sau ɗaya cikin kowace daƙiƙa 20, kuma dukkansu tare su ke tashi tare su ke sauka, kamar makaɗan da ke bin kiɗa guda. Da aka zuba musu wani sinadarin da aka san yana ƙara furolaktin, sai kiɗan ya wargaje.

Cikin 2016 wannan ƙungiya ta sāke nuna wani abu. Ƙwayoyin nan suna ɗauke da makarɓan gidan D2 a jikinsu su da kansu, kuma baya ga dofamin da su ke aikawa fituwitari, suna zubar da kaɗan a kewayensu. Da wannan ɗan abin da ya zuba su ke jin yawan aikin da su ke yi. In dofamin ya taru a kewaye, makarɓan su kama shi, kiɗan ya yi sanyi, tazarar da ke tsakanin harbi da harbi ta ƙaru. In ya ragu, kiɗan ya ɗan ƙara sauri. Kamar makaɗin da ke jin amon gangarsa ne yana gyara hannu.

Abin da ya fi jan hankali shi ne abin da ya faru da aka toshe makarɓan da magani. Mai karatu zai zaci ƙwayoyin za su haukace da harbi tun da an cire musu takunkumi. Ba haka aka gani ba. Lantarkin cikinsu ya hau ya maƙale a sama, suka kasa harbi gaba ɗaya, kamar makaɗin da aka toshe wa kunne ya rikice ya ajiye gula. A ɓeraye aka yi wannan gwaji, amma ya ba da haske a kan wani abu da likitoci suka daɗe suna gani ga marasa lafiya, wanda za mu zo kansa a gaba.

MAI CIKI DA MAI JEGO

A lokacin goyon ciki furolaktin yakan ninka har sau goma ko fiye, yana shirya nono. Amma sinadaran da mabiyiya ke fitarwa suna hana ruwan kawowa sosai. Sai an haihu, mabiyiya ta faɗo, sa'an nan hanya ta buɗe, shi ya sa nono ke cika bayan kwana biyu ko uku.

Daga nan jariri ne ke riƙe da al'amarin. Duk sa'ad da ya kama nono, jijiyoyin kan nonon su aika saƙo ta laka zuwa haifotalamas, ƙwayoyin dofamin su sassauta, furolaktin ya hau cikin mintoci kaɗan, a shirya abincin gaba. A tsawon shayarwa kuma ƙwayoyin nan sukan daina amsa kiran furolaktin kamar yadda suka saba, domin kada su ja linzami a lokacin da a ke bukatar sakinsa. Wannan shi ne dalilin da ya sa ma'aikatan asibiti ke cewa yawan ba da nono shi ke kawo nono, kuma uwar da ta fara haɗa wa jariri da ruwa ko madarar gwangwani tun da wuri takan ga nonon yana janyewa.

Furolaktin mai yawa, tare da tsotson jaririn, yana kuma danne saƙon da haifotalamas ke aikawa domin ƙwan mace ya nuna. Shi ya sa mai shayarwa kan daɗe ba ta ga al'ada ba. Iyayenmu da ke shayarwa har shekara biyu kafin yaye sun amfana da wannan wajen samun tazara tsakanin haihuwa. Amma akwai iyaka. Wani taron masana da aka yi a Bellagio ta ƙasar Italiya cikin 1988 ya tsai da sharuɗɗa uku: jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla ya ke sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. In ukun nan sun cika, matan da za su ɗauki ciki ba su kai 2 cikin 100 ba. In ɗaya ya faɗi, to, kariyar ta raunana, kuma ta nan ne a kan sami kwanika.

IN LINZAMI YA SAKI

Yanzu sai mu koma ga matar da muka fara da ita. Jikinta yana aiki ne kamar na mai jego alhali ba ta haihu ba. Dalilan da ke kawo haka sanannu ne.

Na farko magunguna. A 1952 likitoci biyu a birnin Faris, Jean Delay da Pierre Deniker, suka fara ba masu taɓin hankali wani sabon magani, wanda aka sani a asibitocinmu da sunan Largactil. A 1958 aka samo haloperidol a Beljiyam. Waɗannan magunguna sun fitar da dubban mutane daga mari da turu, kuma daga baya aka gane cewa aikinsu shi ne toshe D2. Sai dai magani ba ya zaɓen wuri. Yana toshe D2 inda ciwon ya ke, yana kuma toshe na fituwitari, ga shi kuma binciken 2016 ya nuna zai iya tsai da ƙwayoyin dofamin na haifotalamas ɗin kansu. Sakamakon shi ne ɗaukewar al'ada, da zubar nono, da raunin sha'awa. Daga cikin na zamani, risperidone ya yi suna wajen wannan. Waɗansu magungunan amai, irin su metoclopramide da domperidone, su ma D2 su ke toshewa. Haka nan kodin da dangoginsa suna danne ƙwayoyin dofamin ɗin nan, abin da ya kamata samarin da ke shan su su sani, ko da ya ke Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin tun 2018.

Na biyu ƙari a fituwitari. Wata ƙwayar furolaktin takan hayayyafa ta zama ɗan ƙullutu mai zubar da sinadarin ba ƙaƙƙautawa. Shi ne ya fi yawa cikin ƙarin da ke fitowa a wannan wuri, kuma kusan dukkansa ba daji ba ne. Ga mata a kan gano shi tun bai kai santimita ɗaya ba, domin al'ada ta ba da sanarwa. Maza kuwa sukan ɓoye raunin da su ke ji, su yi ta bin masu maganin ƙarfi a tasha da kasuwa, har ƙarin ya girma ya danne jijiyoyin ido da ke gicciye a samansa. Alamar wannan ita ce ciwon kai da rashin ganin gefe, mutum ya riƙa karo da ƙyaure ko ya kasa ganin mai keke da ke zuwa ta gefensa.

Na uku, raunin ƙullutun maƙogwaro da ciwon ƙoda su ma suna ɗaga furolaktin. Sabo da haka likita kan fara da gwajin ciki, sa'an nan ya tambayi magungunan da a ke sha, ya auna furolaktin da sinadarin maƙogwaro cikin jini, in ta kama a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa.

MAGANI DAGA CUTAR HATSI

Maganin wannan ciwo daga gona ya fito. Akwai wata cuta da ke kama zangarniyar hatsi, ta fara da ɗigon ruwa mai danƙo kamar zuma, daga baya ta bar waɗansu baƙaƙen ƙwayoyi masu tauri a madadin tsaba. Turawa sun daɗe da saninta a hatsinsu, sun kuma lura matan da suka ci ta nononsu kan ƙafe. Wani irinta yana kama gero a Afirka da Indiya, kuma cikin 1959 likitocin dabbobi a ƙasar da a ke kira Zimbabuwe yanzu suka ba da rahoton aladun kiwo da nononsu ya ƙafe bayan sun ci geron da ya kamu. A lardin Wollo na Habasha, tsakanin 1977 da 1978, irin wannan guba ta shiga abincin mutane, waɗansu suka rasa ƙafafu, jarirai kuma suka mutu sabo da nonon iyayensu ya ƙafe. Dalili kuwa shi ne gubar tana kama D2 kamar ita ce dofamin, ta ja linzami ta ƙi saki.

Masana a kamfanin Sandoz na birnin Basel a Suwizalan, ƙarƙashin Edward Flückiger, suka ɗauki wannan guba suka gyara ta, suka fito da bromocriptine, wanda aka fara ba marasa lafiya a farkon shekarun 1970. Matan da aka yanke wa ƙaunar haihuwa suka ga al'ada ta dawo, da yawa suka ɗauki ciki. Har wa yau aka tarar maganin yana sa ƙarin kansa ya motse, gani ya dawo ba tare da an buɗe kai ba. Daga baya aka samo cabergoline, wanda sau ɗaya ko biyu a mako a ke sha. A wani gwaji da aka buga cikin 1994 a kan mata 459, furolaktin ya daidaita ga 83 cikin 100 na masu shan cabergoline, da 59 cikin 100 na masu shan bromocriptine.

Labarin ya taɓo ƙasarmu ta wata fuska kuma. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya, Davidson da Parry, suka ba da rahoton yawan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, wanda ke zuwa da kumburi da haki. Cikin 2007 masana a Hannover ta Jamus suka nuna cewa wani gutsuren furolaktin yana iya lalata ƙananan hanyoyin jinin zuciya, a 2010 kuma aka gwada bromocriptine a wani ƙaramin gwaji na mata 20 a Afirka ta Kudu, aka ga alamar sauƙi. Sai dai maganin yana ƙafar da nono, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a gidan da ba a iya sayen madara. Hukunci ne da likitan zuciya kaɗai zai yanke.

ABIN DA YA KAMATA A RIƘE

Wanda ke shan maganin taɓin hankali ya ga irin waɗannan alamu, kada ya kuskura ya daina sha da kansa, domin dawowar ciwon ta fi haɗari. Ya koma wa likitansa ya faɗi abin da ya ke gani ba tare da jin kunya ba, akwai waɗansu magunguna da ba su cika ɗaga furolaktin ba waɗanda za a iya sauya masa. Mai jego kada ta sayi ƙwayar ƙara nono ko ta ƙafar da shi a kanti bisa shawarar maƙwabta, domin ƙwayoyin nan suna taɓa zuciya da hawan jini. Manomi kuma in ya ga baƙaƙen ƙwayoyin nan a zangarniyar gero, ya ware su, kada su shiga turmi ko akurkin dabbobi.

Magidanci kuwa da matarsa ta daina ganin al'ada, nono yana zuba, haihuwa ta ƙi zuwa, kafin ya saurari masu cewa ya sake ta ko ya kai ta gidan boka, ya kai ta babban asibiti a ɗebi jininta a auna. Gwaji ne na jini kaɗan, kuma in furolaktin ne ya yi yawa, yana daga cikin dalilan rashin haihuwa da suka fi saurin jin magani. Haka nan iyayen yarinyar da nono ya zubo mata ba aure, su bincika tukuna kafin su yanke mata hukuncin da zai bi ta har tsufa. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Allah ya ƙara mana lafiya da fahimta, amin.